A Gidanmu Ba a Yin Shiru

Assalamu alaikum masu karatu. Ku yi haƙuri da ni yau, raina a ɓace yake, kuma in raina ya ɓaci rubutuna ba ya tafiya a layi. Baiwar Allahn da ta rubuto min cewa "ke ma ki buɗe baki mana ki tambaye shi", na gode ƙwarai. Ki zo gidanmu ki buɗe naki mu gani.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce auta a gidanmu. Karatuna bai wuce firamare ba, ɗinki nake yi a gida, kuma ni mutum ce mai kunya, irin wadda in baƙo ya yi sallama sai ta rasa inda za ta ajiye hannunta. Gidan da muke ciki na gidan rediyon garinmu ne, yana can bayan gari a gindin dogon ƙarfen eriya. Babana shi ke kula da injin da ke watsa shirye-shirye tun ranar da aka kafa tashar, sama da shekara arba'in ke nan. Kowa Injiniya yake ce masa, har Umma in tana so ta tsokane shi.

Tashar ta AM ce, irin ta da, mai ƙara kamar ana suya a bayan mai magana. Wanda bai taɓa zama kusa da irin wannan eriya ba zai ce ƙarya nake yi, amma a gidanmu ba sai an kunna rediyo ake jin rediyo ba. In an yi ruwa, kwanon rufinmu sai ya kama karanta labarai ƙasa-ƙasa. Ƙofar ƙarfen gidan tana yin sanarwar cigiya. Wata baƙuwar Umma ta taɓa zuwa da niyyar yin sati, washegari ta ɗaure kayanta, ta ce ita ba za ta zauna gidan da tankin ruwa ke gaida masu sauraro ba.

To a cikin wannan aka raine ni. Kuma Baba yana da doka ɗaya tak: ba a shiru. A ɗakin inji akwai wata allura da ke rawa muddin ana magana a tashar. Da ta kwanta, to wani abu ya lalace, sai ka ga Baba ya zabura da gudu, ko da loma ce a hannunsa. Shekara da shekaru yana haka har abin ya bi jikinsa. Yanzu ko a cikin gida ne, in hira ta ɗan tsaya, sai ya leƙo.

"Lafiya? Na ji shiru."

Ku riƙe wannan, don shi ne ciwon kaina.

Kafin damina aka ce za a rufe tashar AM, a koma FM a sabon gini cikin gari. Manaja ya ce kafin a kashe tsohon injin a yi shiri na musamman a kan tarihin tashar, kowane mako, har a gama. Aka ɗora aikin a kan wani matashi mai gabatar da shirye-shirye. Ba zan faɗi sunansa ba, mu ce masa Mai Murya, don wallahi yana da ita. Dogo ne, siriri, kullum rigarsa a goge, da 'yar rikoda a aljihun gaba. Ya zo yin hira da Baba sau ɗaya. Damina ta zo ta wuce, har yau yana zuwa.

Ni kaina na haddace tarihin nan daga bakin kekena. Yadda aka fara tashar a wani ɗakin ajiyar taki, ana magana ana atishawa. Yadda aka kawo injin, na hannu, a bayan babbar mota, aka sauke shi da igiya mutanen gari suna kallo, wasu na cewa firji ne. Yadda ranar farko ba su da abin da za su watsa, sai wani manomi ya shigo neman jakinsa, shi ke nan aka buɗe tasha da cigiyar jaki, kuma aka same shi kafin la'asar. Yadda janaretan farko yake ƙin tashi sai Baba ya yi masa magana da lallami. Yadda wani direban tirela ya zo takanas ya ce ya kama muryar garinmu a wata ƙasa mai nisa, ya tsaya bakin titi ya yi kuka. Labarai ne masu daɗi, ban ce ba. Amma Baba in ya kama bayanin kusa ɗaya ta jikin eriya sai shayi ya huce sau biyu.

Za ku ce to me ya sa nake zaton Mai Murya yana da wata manufa ban da tarihi? Ni tela ce. Mutum ya kawo miki riga ya ce maɓalli ya tsinke, ki duba ki ga zaren a yanke tsaf, yankan reza. Mako na gaba ya kawo wata, ita ma haka. Maɓalli in ya tsinke da kansa zaren yakan yi gashi-gashi. Na mayar masa da maɓallan da suka fi na shagon mai sayar da su yawa, ban taɓa nuna na gane ba. Sannan kujerar da yake zaɓa a baranda ita ce mai kallon tagar ɗakin ɗinkina, alhali rana na dukanta.

Amma ku ji irin saƙonsa a waya:

"Ƙanwata, kin ji shirin yau? Yaya sautin ya fito a wajenku?"

Ƙanwata! Ni ina da yayye, ban ce ina neman ƙari ba. Kuma yaya sauti zai fito a wajenmu, mu da ko murfin tukunya muka ɗaga shi za mu ji? Sai in rubuta amsa mai tsawo, in karanta, kunya ta kama ni, in goge. In tura: "Ya fito lafiya."

Sai ya turo: "Madalla."

Shi ke nan. Mutumin da ke iya cika awa guda a rediyo ba tare da ya haɗiye yawu ba.

Ranar Talata Gwaggo ta zo, yayar Baba. Tun daga ƙofa na san da magana, don ba ta cire mayafi ba ta zauna a kan buhun yankakkun ƙyallayena.

"Ke Auta, wannan sarkin surutun da ke zarya gidan nan, wajen wa yake zuwa?"

Na sunkuyar da kai ina ta juya zare a yatsa.

"Wajen Baba."

"Wajen Baba. To Baban ne zai aura?" Ta juya wajen Umma. "Ke kuma kin zuba ido. Duk gari an ɗauka an yi masa alkawari. Mai kantin maganin nan na kusa da mu ya aiko min har sau nawa, yaro mai hankali, ba ya magana sai da dalili. Na ce ya dakata. Har yaushe zan ce wa ɗan mutane ya dakata saboda mai ɗaukar muryar tsofaffi?"

Umma ta ce, "Yaya, a bi a hankali."

"An bi. Ni ban ce dole ba, ita ta san wanda take so. Amma wannan makon ko ya faɗi abin da ke kawo shi, ko ni da bakina in ce masa ya dinga ganin Injiniya a ofis. Ke kuma ki daina murza zaren nan ki dube ni. Kina son sa ko ba kya so?"

Jama'a, ƙasa ba ta tsage ba, na roƙe ta. Abin da na iya cewa shi ne, "Ni ban ce komai ba."

"Ai shi ne matsalar. Ke ba kya cewa komai, shi yana cewa komai ban da abu ɗaya. Allah ya haɗa ku."

Ban san ko Umma ce ta aika masa ta bayan fage ba, ta rantse ba ita ba ce. Washegari da hantsi ina cikin yanka wuyan riga wayata ta yi ƙara.

"Gobe in na zo ba wajen Baba zan zo ba. Akwai maganar da nake so mu yi."

Babu "ƙanwata". Na duba sama da ƙasa, babu. Na yanke wuyan rigar mutane ya kusa kai cibiya.

Ranar tun safe na wanke labulen falo, na goge teburin gilashi har ina ganin fuskata. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, wadda na ɗinka wa kaina ban taɓa sawa ba, na yafa farin mayafi. Na sa kwalli, na goge, na sake sawa. Umma ta leƙo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wa ya rasu?" Na koma na canza mayafin zuwa ruwan hoda.

Ya iso da yamma, da farar riga, duk maɓallanta a jiki. Umma ta ce ya shiga falo. Baba na baranda da ƙaramar rediyonsa, ya bi shi da kallo kamar an ƙwace masa abinci. Na kai shayi. Na zauna can ƙarshen doguwar kujera.

Muka gaisa. Ya tambayi aiki, na ce da godiya. Ya gyara zama, ya gyara murya, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Dama abin da ya kawo ni…"

Ya tsaya. Na ce a raina, bismillah, yau dai. Ban gama ba labule ya ɗaga.

"Lafiya? Na ji shiru."

"Lafiya lau, Baba," in ji Mai Murya, har da miƙewa.

"To, to. Ku ci gaba. Af, na tuna, shekarar da iska ta kwantar da eriya, ba daga gabas ta faɗo ba kamar yadda na ce maka. Daga arewa ne. Ka gyara."

"Za a gyara, Baba."

Labule ya sauka. Mai Murya ya share goshi, ya kurɓi shayi, ya sake ɗaukar numfashi. Ni kuma na ce bari in taimaka masa, in ce "ina jin ka". Amma ni kafin magana ta taso daga cikina ta iso baki tana ɗaukar lokaci, sai na tattaro ta. Ina cikin tattarowa, shi kuma ya ji wuri ya yi tsit, sai cutar gidan rediyo ta motsa masa.

"Kin san kuwa lokacin da eriyar ta faɗi, da wayar shanya suka ci gaba da watsa shiri? Abin mamaki ne. Baba ya ɗaure ta a jikin bishiya…"

Wayar shanyar Baba ce, tun yana gwauro. A gidanmu aka yi. Ni yake ba wa labari.

Ya yi ta zuba, ina kallon bakinsa. Da ya kai ƙarshe ya sake yin shiru, ya dube ni, idonsa ya yi wani iri, ya ce, "Gaskiya ni tun ranar da na fara…"

Labule.

"Ba ku kira ni ba?"

Na ji hawaye na taruwa, na takaici, ba na komai ba. Allah ya yi wa Umma albarka. Daga kicin ta ɗaga murya:

"Injiniya! Ni kam kamar ƙaurin waya nake ji daga ɗakin inji."

Baba ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba. Muka ji ƙarar ƙofar ƙarfe, muka ji sawunsa yana nisa.

Mai Murya ya yi 'yar dariya. "Baba ke nan. Ai irin wannan ƙaurin ne ya taɓa tashi a shekarar da…"

"Don Allah ka yi shiru."

Ni na faɗa. Ni. Har na waiga in ga ko wata ce ta shigo. Ya saki baki yana kallona.

"Ka yi shiru kawai. Ba abin da ya lalace. Ni in zan yi magana sai an jira ni."

Ya rufe baki. Na ga yadda abin ke cin sa, ƙafarsa na rawa, yatsunsa na neman aljihun rikoda. Amma ya daure. Na ji agogon bango, wanda ban taɓa sanin yana da ƙara ba. Na kafa ido a kan furen hannun rigata, na tattaro maganar tun daga tafin ƙafa.

"Wajen wa kake zuwa gidan nan?"

"Wajenki."

Ko daƙiƙa bai ɗauka ba. Kunya ta rufe ni, amma haushi ya fi ta ƙarfi.

"To me ya hana ka faɗa? Gwaggo na shirin korar ka. Ni na zama abin magana a gari. Kullum ƙanwata, ƙanwata."

Ya dube ni da mamaki na gaske. "Ai na faɗa. Baba bai gaya muku ba?"

"Gaya mana me?"

"Tun farkon damina na same shi a ɗakin inji, na ce ina neman izini in nemi aurenki. Ya ce ya ji, kuma bai ƙi ba. Amma ya ce ba a haɗa aiki biyu, in bari mu gama tarihin tukuna, sannan a yi wannan maganar. Ya ce kafin nan in ɗauke ki kamar ƙanwata. Yau ma karya alkawari na zo yi, don na gaji."

Na ce, "To yaushe za ku gama?"

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya… har yanzu ba mu kai aurensa da Umma ba."

"Me?"

"Muna dab. Da mun kusa, sai ya tuna wani abu a baya mu koma. Manaja ma ya fara ƙorafi, don ya yi wa Baba alkawari a gaban ma'aikata cewa ba za a kashe injin ba sai an watsa kashi na ƙarshe."

Umma, wadda ashe tana bayan labule da ludayi a hannu, ta shigo ba ko sallama. "Wato ni har yanzu bai auro ni ba? To ita wannan yaushe za a haife ta?"

Ban tsaya jin amsa ba. Na tashi na fita, mayafi na jan ƙasa, na ratsa ciyawar filin eriya har ɗakin inji. Tun ina ƙarama ba na son ɗakin nan, da zafinsa da gurnaninsa. Na tura ƙofa. Baba na zaune kan kujerarsa ta katako a gaban injin, wanda ya fi shi tsawo, fentinsa duk ya koɗe wurin da hannu ke taɓawa. Ba ya neman wani ƙauri. Ya san babu. Tsumma ne a hannunsa yana goge gilashin allurar nan, tana ta rawarta.

"Baba."

"Auta. Ya tafi ne?"

"Baba, ashe ya yi maka magana tun farkon damina?"

Ya ci gaba da goge gilashin da ba shi da ko ɗigon ƙura.

"Yaron akwai gaggawa. Tarihi ba a yi masa gaggawa."

"Gwaggo za ta kore shi, Baba. Ni ake yi wa dariya."

"Yaya ba ta san aikin rediyo ba."

"Ni ma ban sani ba. Ni ɗinki na sani."

Ya ajiye tsumman a gwiwa. Sai a lokacin na lura da yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, rigar da ni na ɗinka daidai jikinsa bara.

"Ranar da na ce na gama," ya ce, "su zo su kashe wannan. A ba mu takardar tashi daga gida. Ke kuma ya ɗauke ki. Duk a mako ɗaya, Auta. Sai in zauna ni da uwarki muna kallon juna, ita kuma ta riga ta ji duk labaraina."

Wallahi na shigo da faɗa a bakina, sai ya narke. Na tsuguna kusa da kujerarsa. Amma masu karatu, tausayi daban, rayuwata daban. Na tattaro maganar, kuma ya jira ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, tarihin naka ne. Ka ja shi yadda kake so, ni ba zan gaya wa Manaja komai ba. In ka ga dama ka koma kan jakin nan ka faɗi sunan uwarsa. Amma ka cire ni daga ciki. Ni ba shirin rediyo ba ce."

Ya dube ni. Sannan ya ja hanci, ya ɗauki tsummansa.

"Je ki turo min shi. Ki ce ya bar rikodar a falo."

Na dawo da gudu-gudu. Mai Murya ya zaro rikodar ya ajiye kusa da kofin shayi kamar mai ajiye jariri, ya gyara wuyan riga, ya nufi ɗakin inji. Ƙofa ta rufe.

Yanzu haka da nake rubuta muku wannan ina zaune a kan dakalin baranda, rana ta kusa faɗuwa, ba su fito ba. Gwaggo ta kira ta kira, ban ɗaga ba, don ban san me zan ce mata ba. Umma ta kasa haƙuri, ta lallaɓa ta je ta kara kunne a jikin tagar, ta daɗe, sannan ta dawo tana tafe tana girgiza kai.

"Umma, me suke cewa? Ya amince?"

Ta zauna kusa da ni, ta ɗauki shayin baƙo da na fito da shi daga falo, duk ya huce, ta shanye.

"An samu ci gaba," ta ce. "Ya tsallake aurena gaba ɗaya, ko a jikinsa. Yanzu yana ba shi labarin ranar da aka haife ki."

"To ai an kusa ke nan!"

"Ina fa. Har yanzu ina naƙuda, shi yana neman wanda zai riƙe masa inji."